Zafi Ne Ke Shiga: Jan Hankali Ga Masu Ɗakunan Sanyi A Batsari Da Safana

Idan aka ɗauke wuta, kayan cikin firji suka ɗumame, sai ka ji Bahaushe ya ce “sanyin ya fita”. A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin wannan furuci na da hannu a sakacinmu, domin yakan sa mu ɗora wa inji da masu wuta laifi, mu manta da bango. A kimiyyance kuwa, zafi ne ke ratsa bango ya shiga, dare da rana, inji kuma ya yi ta kwashe shi yana fitarwa.

Maganar ta shafi rayuka. Yawancin alluran rigakafin yara ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. A Batsari da Safana, inda matsalar tsaro a kewayen dajin Rugu ta wahalar da zirga-zirga, maye gurbin allurar da ta lalace ba ƙaramin aiki ba ne.

Tun a 1822 Joseph Fourier na Faransa ya fayyace ƙa'idar tafiyar zafi cikin abu. Abin lura na farko shi ne tazarar da ke tsakanin ciki da waje. Idan ciki na digiri 5, waje na 25, tazarar 20 ce. Idan bazara ta kai waje 45, ta zama 40, zafin da ke shiga ya ninka. Na biyu, faɗin bango da rufi: iya faɗinsu, iya hanyar da zafi ya samu. Na uku, kaurin bangon da abin da aka yi shi da shi. Kankare ya fi soson da ake cusawa a jikin firji saurin wuce da zafi fiye da sau 40, kuma idan aka ninka kaurin soson, zafin kan ragu da kusan rabi.

Na huɗu, rana. Rufin kwano da bangon yamma su ne ke shan ƙunarta, baƙin fenti kuma ya ƙara musu. Na biyar, laima: soson da ruwan damina ya jiƙa ya rasa yawancin amfaninsa.

Kakanninmu da suka gina soraye masu kaurin bango, suka girke randa a inuwa, sun san wannan a aikace. A kan irin wannan hikima Mohammed Bah Abba ya gina fasaharsa ta tukunya cikin tukunya a Jigawa, har ya ci kyautar Rolex ta 2000.

Saboda haka ina kira ga hukumomin lafiya na ƙananan hukumomin biyu, da 'yan kasuwa masu ajiye kifi da ƙanƙara, kafin su sayi babban inji ko ƙarin faifan sola, su fara duba bango. A nisanta firji daga bangon yamma, a shafa farin fenti, a dasa darbejiya, a toshe yoyo, a sauya robar ƙofa idan ta saki. Allah Ya sa mu dace.