Binciken Masana Ya Iso Gona da Rumbu

Jama'a, mutane da yawa suna tsammani jami'a wurin karatun ɗalibai ce kawai. Ba haka ba ne. A cikinta akwai masana masu bincike a kan matsalolin da ke damun manomi.

Mutanen Sarkin Yamma ba su da nisa da waɗannan masana. A Maraɗi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda aka kafa a 2010. A Tarna kuma akwai cibiyar INRAN, hukumar binciken noma ta ƙasa, wadda aka kafa a 1975. Ga abubuwa biyu da aikinsu ya kawo mana.

Yaƙi da murzuna

Kowane manomi ya san murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar hatsi. Idan ta yi yawa, wahalar damina takan tashi a banza. Masana sun gano cewa tana da abokin gaba: wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro. Yakan harbi tsutsar ta sandare, ya yi ƙwai a jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Ba ya cutar mutum ko dabba.

Farfesa Ibrahim Bawa na jami'ar Maraɗi da masanan INRAN sun daɗe suna wannan aiki. Ana kiwon ƙwaron a ɗakin bincike. Ana zuba hatsi a ƙaramin buhu, a sa tsutsotsi 25 da ƙwari mata 2. Akan kai wa gari ɗaya buhu 15, a rataye su lokacin da hatsi ya fid da kai. Bayan ƴan kwanaki sababbin ƙwari su fito, su bazu cikin gonaki. Amma a kula: feshin magani yana kashe su.

Ajiyar wake ba tare da guba ba

Abu na biyu ya shafi lafiyarmu. Domin tsoron ƙwari, wasu sukan zuba maganin feshi a cikin wake. Wannan ganganci ne. Mai cin irin wannan wake yana iya kamuwa da amai da ciwon ciki, wani lokaci har a rasa rai.

Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka sun fito da buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS. An fara yaɗa shi a 2007, kuma masanan Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi a ƙauyuka. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. Iska ba ta shiga, sai ƙwari su mutu. Ga yadda ake yi:

1. A shanya wake ya bushe sarai.
2. A duba ledojin, kada a sami huda.
3. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban.
4. A ajiye buhun bisa katako, nesa da ɓera.

Wanda ya yi haka zai ci wake mai tsabta, ya sayar da sauran lokacin da ya yi daraja.

Ƴan uwa, mai tambaya ba ya ɓata. Idan kun ga wata cuta a gona, ku sanar da malamin gona da wuri, ku kai masa ganyen ko ƙwaron ya gani. Ta hannunsa ne kukanku zai isa ga masana.