Dokar Takunkumi: Wa Ya Kafa, Wa Ya Tsare?

A gidaje da yawa na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, in uwargida ta zazzage akwatin tufafi, har yanzu takan tarar da wani ɗan ƙyalle mai igiya biyu, ya koɗe, ya dunƙule a lungu. Yaran da aka haifa bayan shekarar 2020 ba su san amfaninsa ba. Mu kuwa mun sani. Shi ne takunkumin da hukuma ta ce kowa ya ɗaura a baki da hanci a zamanin cutar korona.

Sunan ma da aka ba shi bai taimake shi ba. Bahaushe ya san takunkumi tun kaka da kakanni, amma a bakin jaki ya san shi, ko na maraƙi, domin kada ya ci amfanin gonar mutane. Rana ɗaya sai aka ce wa magidanci mai furfura ya sa takunkumi. Da an ce amawali, watau yadda mai rawani ke rufe bakinsa, ko a ce ƙyallen da masu acaɓa ke ɗaurawa saboda ƙurar hunturu, da wataƙila an fi saurin karɓa.

Bari mu tuna wa masu karatu yadda abin ya zo. An sami mutum na fari mai cutar a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, a Legas. Ran 26 ga Maris gwamnatin Jihar Kaduna ta hana fita dare da rana, aka rufe kasuwanni da makarantu da masallatai da ɗakunan sujada. Bayan kwana biyu gwamna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya faɗa da bakinsa cewa ya kamu, sai mataimakiyarsa, Dakta Hadiza Balarabe, wadda likita ce, ta riƙe aikin. A ƙarshen Afrilu aka ƙara kwana 30, aka kuma ce duk mai fita daga gida sai ya rufe baki da hanci, aka kafa kotunan tafi-da-gidanka domin masu karya doka. Kwana biyu a mako aka bar wa mutane su nemo abinci. Sai a watan Yuni aka buɗe, aka yarda a yi sallar Jumma'a da sujadar Lahadi, da sharaɗin takunkumi da wanke hannu da ba da tazara. A watan Janairu 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan doka ta ƙasa duka, wadda ta hana shiga wurin taro ba takunkumi, da horon tara ko ɗaurin da zai iya kai wata shida.

Mu na wannan yanki abin ya fi matsa mana, gama muna bakin iyaka. Ikara da Makarfi da Kudan duka suna maƙwabtaka da Jihar Kano, Kudan kuma har da Katsina. A watan Afrilu da Mayu na 2020 aka yi ta mace-mace a birnin Kano. Daga baya Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma rabinsu ko fiye mai yiwuwa korona ce sanadi. Cikin almajirai 169 da aka komo da su Kaduna daga Kano, an sami 65 da cutar. Saboda haka aka tsare babbar hanyar Zariya zuwa Kano, wadda ta bi ta Tashar Yari. Amma wanda ya san ƙasar nan ya san hanyoyin gona ba su ƙirguwa. Mai babur da ya saba kai rake da tumatir da barkono ƙauyukan Kano bai bukaci kwalta ba.

To, ga tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami. An rubuta doka a Kaduna da Abuja, amma wa zai tsaya a ƙofar kasuwar Makarfi, ko tashar mota ta Hunkuyi, ko ɗakin shan magani na ƙauye, ya ce ba takunkumi ba shiga? Tsarin mulkin ƙasa ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota, ya kuma ba ta rabo cikin aikin lafiya. Watau wuraren da mutane ke cunkushewa, yawancinsu a hannunta suke. In ta ƙi, ko ta yi sanyin jiki, doka ta zama takarda.

A Amurka an ƙi a fili. A watan Yuli 2022 hukumar lafiya ta gundumar Los Angeles, a Jihar Kalifoniya, gunduma mai mutum wajen miliyan goma, ta ce za ta komo da dokar sa takunkumi a cikin ɗakuna, kamar kantuna da ofisoshi. Majalisar wani gari cikin gundumar, Beverly Hills, ta zauna ta jefa ƙuri'a, duka suka ce ba za su sa ma'aikatansu su tilasta wa kowa ba. Garuruwan Pasadena da Long Beach, waɗanda ke da hukumomin lafiya na kansu, su ma suka ce ba za su kafa dokar ba. Ran 28 ga watan gunduma ta janye, ta ce masu kamuwa sun fara raguwa. Hujjar garuruwan ita ce an riga an yi allurar rigakafi, mutane sun gaji, kowa ya zaɓa wa kansa.

A Nijeriya ma an ga irin wannan ja-in-ja, sai dai tsakanin jiha da tarayya. Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya yi ta musun cewa cutar tana jiharsa. Da ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa suka je a watan Mayu 2020, aka ce sai an killace su kwana 14 tukuna, suka juya suka koma Abuja. Manya cikinmu kuma sun tuna 2003, sa'ad da aka dakatar da allurar shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna saboda zargin an sa mata abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli 2004, kafin nan kuwa cutar ta ƙetara zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Ƙaramar hukuma a wurinmu ba ta saba ja da gwamna a fili ba, kuma ba abin mamaki ba ne. A 2020 kuɗinta daga Abuja ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi. Sai a watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a ba ta kai tsaye. Wanda tuwonsa ke hannun wani ba ya ɗaga masa murya. Ƙin da muka gani a nan iri dabam ne, ba shi da ƙuri'a, ba shi da takarda. Ana cewa to, sa'an nan a ci gaba da abin da aka saba. Mun ga mutum ya taho da takunkumi a haɓa, in ya hango shingen ma'aikata ya ja shi sama, in ya wuce ya sauke. Mun ga ana aron takunkumi a ƙofar banki, wannan ya fito ya miƙa wa wancan ya shiga da shi. Mun ga mai tsaron ƙofa da nasa rataye a kunne ɗaya. Mu ma da muke rubutun nan, ba kullum namu ya kai hanci ba.

Kada mu yi saurin ganin laifin mutane. Afrilu da Mayu bazara ce, numfashi cikin ƙyalle a ɗaki mai rufin kwano ba wasa ba ne. Wanda sai ya fita zai ci, an rufe masa kasuwa, sa'an nan a ce ya sayi takunkumi. Hukumar Lafiya ta Duniya kanta da fari ba ta ce masu lafiya su sa ba, sai a watan Yuni 2020 ta sake magana. Manyan mutane kuwa ana ganinsu a wurin jana'iza da taron siyasa kafaɗa da kafaɗa. Akwai kuma tsohon miki: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani a kan yara 200 a Kano, 11 suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a. Mutanen da aka taɓa yi wa haka, in sun yi tambaya kafin su yarda, ba wauta suka yi ba.

Duk da haka akwai abu guda da aka haɗe mana, wanda ya kamata a rarrabe. Gona dabam, ɗaki dabam. Ƙwayar cutar tana fita cikin numfashin mai ita, sa'ad da yake tari, ko magana, ko waƙa. A fili iska takan watsar da ita. A cikin ɗaki mai rufaffun tagogi sai ta taru kamar hayaƙin murhu, kowa ya shaƙa. Manomi shi kaɗai a fadamarsa ta rake, takunkumi bai ƙara masa komai ba. Amma fasinjojin da aka cusa cikin ƙaramar mota an ɗage gilashi saboda ƙura, ko mata a ɗakin mai jego, ko masu gaisuwar mutuwa a zaure, nan ne wurinsa.

Ga labarin da ya shafe mu ƙwarai. Ran 10 ga Maris 2020, a gundumar Skagit ta Jihar Washington a Amurka, ƙungiyar mawaƙa ta taru koyon waƙa. Mutum 61 ne, suka yi awa biyu da rabi a ɗaki guda, ɗaya cikinsu yana jin kamar mura. Bayan 'yan kwanaki 53 suka kwanta, biyu suka mutu. Duk wanda ya taɓa zama cikin taron zumuntar mata, ko ya ji ƙungiyar mawaƙa tana shirin Kirsimati cikin hunturu an rufe tagogi saboda sanyi, ya san ɗakin nan ba baƙo ba ne a gare mu. A ɗakin sujada kuwa ba ɗan sanda a ƙofa. Fasto ne da dattawa da masu zaunar da mutane. In sun sa, jama'a sukan sa. In mai wa'azi ya hau bagade ya cire nasa ya cusa a aljihu, kafin a karɓi baiko rabin ɗaki sun cire.

An gwada wannan a ƙasar Bangladesh, wadda ƙauyukanta ba su fi namu wadata ba. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2021 masu bincike suka ɗauki ƙauyuka 600, manya wajen 340,000. A rabin ƙauyukan aka raba takunkumi kyauta gida gida, aka sa masu tunatarwa a kasuwa da masallaci, aka roƙi limamai da shugabannin gari su sa nasu su kuma yi magana. Ba tara, ba kotu. Masu sawa suka tashi daga kashi 13 cikin ɗari zuwa 42. Inda aka raba irin na asibiti, masu kamuwa har su nuna alama suka ragu da kashi 11 cikin ɗari, tsofaffi masu shekara 60 zuwa sama kuwa da wajen kashi ɗaya cikin uku. Na ƙyalle bai nuna amfani a fili kamar haka ba. Masana har yanzu suna muhawara a kan yawan amfanin dokar tilas, amma a ganinmu gwajin nan ya nuna inda ƙarfin yake: wurin mai unguwa da dagaci da sarkin kasuwa da liman da fasto, da kansilan da ya zo da kwali a hannu maimakon takardar tara.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Waɗanda aka tabbatar sun mutu da ita a Nijeriya sun ɗan haura 3,000, ko da yake gwajin da aka yi kaɗan ne. Ba ta yi mana irin ɓarnar marisuwa ta 1918 ba, wadda masana tarihi suka ce ta kashe wajen mutum rabin miliyan a ƙasar nan.

Amma a shekarar nan ta 2023 mashaƙo ta yaɗu, ta fi tsanani a Kano, ta shigo Jihar Kaduna, aka ba da labarinta a Kafanchan da ƙasar Makarfi, kuma yara ta fi ɗauka. Ita ma ta tari da atishawa take bi, tana yin farin abu a maƙogwaro har ya toshe numfashi, wuya ya kumbura. A watan Oktoba na shekarar kwamitin tarayya ya roƙi gwamnonin jihohin da abin ya shafa su sa a rufe baki da hanci a wuraren taro. Maganar takunkumi ta dawo ke nan tun ba a yi nisa ba.

Mashaƙo dai tana da rigakafi. Yana cikin allurar da ake yi wa jariri a mako 6, da 10, da 14, kyauta, a ɗakin shan magani na gwamnati. Uwar da katin ɗanta bai cika ba ta kai shi a cika. In yaro yana zazzaɓi da ciwon wuya, kada a kai shi makarantar Lahadi ko gidan biki, a kai shi asibiti ran nan, mai jinyarsa kuma ta rufe baki da hanci. Dattawan ekklesiya su dubi tagogin ɗakin sujada kafin hunturu, gama wanda aka kafe da ƙusa tun bara ba zai buɗu ranar da ake bukatarsa ba.