Gawayi, Gas ko Lantarki: Inda Kuɗin Girki Ke Zurarewa a Bauchi

BAUCHI — Mai tuyar masa a Wunti da mai gidan abinci a Yelwa duk sun san farashin buhun gawayi, sun kuma san na kilon iskar gas. Abin da ba a rubuta shi a jikin buhu shi ne yawan zafin da ke isa gindin tukunya bayan an hura wuta, alhali kuwa a nan ne ake cin riba ko faɗuwa.

Gwaje-gwajen masana makamashi sun nuna cewa murhun duwatsu uku yana isar da kashi 10 zuwa 15 ne kacal cikin 100 na zafin itace ga tukunya, sauran kuwa iska ke kwashewa. Kurfoti na gargajiya yana isar da kimanin kashi 20 zuwa 25 na zafin gawayi, risho na kananzir kimanin kashi 45, na gas kashi 55, yayin da murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu ke kai wa kashi 85 ko fiye.

Idan aka haɗa wannan da ƙarfin zafin da ke cikin kowane makamashi, za a sami ma'aunin da ɗan kasuwa zai iya riƙewa da ka. Aikin da kilo 1 na gas zai yi, sai an ƙona kimanin kilo 4 na gawayi, ko kilo 13 na busasshen itace, ko lita ɗaya da rabi ta kananzir, ko kuma yunit 8 na lantarki a murhun maganaɗisu. Watau tukunyar gas mai kilo 12.5 daidai take da gawayi kilo 50. Don haka duk wanda ya je Kasuwar Muda Lawal sayen gawayi, ya fara ɗora buhun a sikeli, domin buhu ba ma'auni ba ne. Wani cike yake da gari da ƙasa, wani kuma ya sha ruwan damina. In kuɗin kilo 4 ya zarce na kilon gas, to gawayin ya fi tsada, kome araharsa a ido.

Kananzir ya riga ya fita daga wannan gasa. Tun da gwamnatin tarayya ta janye masa tallafi a 2016 yake hawa, har a 2024 farashin lita ya zarce na kilon gas.

Batun lantarki ya fi sarƙaƙiya. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit zuwa Naira 225 ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'o'i 20 a rana. Bisa wancan farashi, yunit 8 ya kama Naira 1,800, wanda ya ɗara kuɗin kilon gas a lokacin. Ga sauran rukunai na abokan cinikin kamfanin JED, mai rarraba wuta a Jihar Bauchi daga Jos, yunit ya fi sauƙi ƙwarai, sai dai wutar ba ta da tabbas, kuma ba a ce wa mai jiran tuwo ya dakata sai an kawo wuta. Girki da janareta kuwa asara ce tsagwaronta, tun ma ba bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ba, domin ƙaramin inji ba ya mayar da ko kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin mai zuwa lantarki.

To, me ya sa gawayi da itace ba su rasa kasuwa ba? Ba rashin sanin lissafi ba ne, ƙarancin jari ne. Tukunyar gas da kanta da tiyo kuɗi ne na lokaci guda, gawayi kuwa ana sayensa ƙulli-ƙulli daga cinikin jiya. Mai ƙaramin jari yana biyan tsada kullum saboda ba zai iya biyan araha sau ɗaya ba, kuma a ganin wannan marubuci, nan ne ƙungiyoyin adashi da ƙananan bankuna ke da kasuwar da ba su kula da ita ba. Bugu da ƙari, katuwar tukunyar tuwo da tandar masa sun fi zama daram a kan murhu, mai tsire kuwa garwashi ne sana'arsa.

Wanda bai shirya barin gawayi ba yana da hanya. Kurfoti mai rufin yumɓu a ciki yana rage cin gawayi da kimanin kashi ɗaya cikin uku, watau mai ƙona buhu 3 a mako zai koma 2. Wannan ragi ya shafi dazuzzukan Toro da Ningi da Alkaleri, tunda kowane kilon gawayi yana cinye kilo 5 zuwa 10 na itace a ramin ƙuna. Tukunya mai matse tururi kuma tana dafa wake ko ƙafar saniya cikin ƙasa da rabin lokacin da aka saba, a kan gas ne ko a kan garwashi.