Rigar Ɗumama Jiki Don Ceton Wanda Sanyi Ya Kama

Zafin jikin mutum mai lafiya yana wajen digiri 37 a ma'aunin Santigired. Idan ya sauka ƙasa da 35, sai makyarkyata ta kama mutum, harshe ya sarƙe, hankali ya soma gushewa. In ba a kai ɗauki ba, zuciya na iya tsayawa. Hakan yakan sami wanda aka tsamo daga ruwa, ko wanda ya zubar da jini a haɗarin mota da daren hunturu. Amma bakwaini ya fi kowa shiga haɗari, domin ba shi da kitsen riƙe ɗumi.

Abin da ke ba masu ƙera irin wannan riga wuya shi ne, ɗumi ya wadata amma kada ya ƙona fata, kuma ta yi aiki a hanya, inda babu lantarki. A 2007 ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka suka soma ƙera wata jakar jarirai mai suna Embrace. A bayanta akwai aljihu da ake zura narkakken kaki. Yayin da kakin ke daskarewa sannu a hankali, sai ya riƙa sakin ɗumi kusan digiri 37 har wajen awa huɗu, watau lokacin da zai isa a kai jariri asibiti.

Ga manya kuwa, ƙirji da hammata ake fara ɗumamawa. Kada a murza hannuwa da ƙafafu, don hakan na iya koro jini mai sanyi zuwa zuciya. Inda babu kayan, a tuɓe jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe kai. Jariri kuwa a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata.