Umaru Ganda, ɗan dakon da ya karɓi labarinsa daga hannun wani

Idan ka tsayar da ɗan tasi a Yamai ka ce ya kai ka Umaru Ganda, ba zai tambaye ka wane ne ba. Zai sauke ka a ƙofar babbar cibiyar al'adu da ake kira CCOG, inda ake taruka da wasannin kiɗa. Sunan ya zama sunan wuri. Mai sunan kuwa, wanda a takardun Faransanci ake rubutawa Oumarou Ganda, tsohon soja ne, ɗan dako, ɗan wasa, marubucin labari kuma darakta, kuma fim ɗinsa ne ya fara ɗaukar babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a 1972. A ganina ya kamata duk mai sana'ar fim a Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram ya san shi, don hanyar da suke kai a yau shi da abokansa suka fara share ta.

Bazabarme ne, an haife shi a Yamai a 1935. Karatunsa bai wuce firamare ba. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yaƙin Indocin, yankin da ya haɗa da Biyetnam ta yau. Yaro daga bakin kogin Kwara ya tsinci kansa a fadamun shinkafa yana harbin mutanen da ba su taɓa yi masa komai ba, domin kare mulkin da shi ma yake ƙarƙashinsa. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954, shi kuma ya dawo gida a 1955. Aiki babu. Sai ya bi sawun dubban samarin Nijar na lokacin, ya tafi ci-rani gaɓar teku, ya sauka a unguwar Treichville ta Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniyan hanya kafin ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Rouch yana bincike a kan 'yan ci-rani, ya ɗauki Umaru cikin masu taya shi tambayoyi, daga baya ya sa shi gaban kyamara. Abin da ya fito shi ne Moi, un noir, wanda aka saki a 1958 ya kuma ci kyautar Louis-Delluc a Faransa.

Yadda aka yi wannan fim abin tsayawa ne a kai. Ƙaramar kyamarar da Rouch yake riƙewa a hannu ba ta ɗaukar sauti. Sai aka ɗauki hotunan shiru, aka haɗa su, sannan aka zaunar da Umaru yana kallo yana magana a kai, yadda ta zo masa. Samarin fim ɗin sun ari sunayen taurarin silima: shi ne Edward G. Robinson, abokinsa Eddie Constantine, budurwar da yake mafarki Dorothy Lamour. Muryarsa ce ke jan fim ɗin gaba ɗaya, tana ƙorafin kuɗin lebura, tana burin zama zakaran dambe, tana zolaya, tana huci. Kusa da ƙarshe ana ganinsa yana tafiya a bakin ruwa yana ba wani ƙaramin abokinsa labarin yaƙi. Ya sunkuya ya ɗauki dutse ya jefa kamar gurneti, ya faɗi ƙasa ya kwanta kamar wanda aka harba, ya miƙe ya ci gaba da tafiya. Babu wanda ya rubuta masa wannan. Daraktan Faransa Jean-Luc Godard ya yaba fim ɗin ƙwarai, kuma masana tarihin silima suna lissafa shi cikin abubuwan da suka buɗe wa sabbin daraktocin Faransa ido a farkon shekarun 1960.

Amma fim ɗin na Rouch ne. Shi ya zaɓi abin da za a nuna, shi ya yanke, sunansa ne a sama. Rayuwar kuwa ta Umaru ce, kuma bai gamsu da yadda aka fito da ita ba. Ba na cikin masu zagin Rouch. Ya so Nijar, ya taimaki mutane da yawa, a can ma ya rasu a hatsarin mota a 2004. Shi kansa Umaru bai yanke hulɗa da shi ba, har ya sake fitowa a fim ɗin Rouch mai suna Babatu na 1976. Sai dai akwai bambanci tsakanin a ba ka dama ka yi magana da a ce kai ne mai ikon cewa ga inda labari zai fara ga inda zai tsaya. Wannan ikon Umaru ya koma gida nema.

A Yamai ya shiga ƙungiyar masu sha'awar silima ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar, inda aka koya wa matasa riƙe kyamara da haɗa hoto. Gasar rubuta labari da aka shirya a 1968 ita ta haifi Cabascabo, fim ɗin baƙi da fari na minti 45, da Zabarmanci. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin jarumi. Labarin soja ne da ya dawo daga Indocin da kuɗin sallama a aljihu. Abokai suka yi masa caa, maroƙa suka wasa shi, mata suka kewaye shi, ana ci ana sha. Da kuɗin suka ƙare kowa ya kama gabansa. Ya nemi aiki, girman kai na tsohon mai igiya ya hana shi jure wulaƙanci, a ƙarshe ya juya ya nufi ƙauye don ya koma noma. Yaƙin da a fim ɗin Rouch ya zama wasan jifa da dutse, a nan an nuna shi da kaki da bindiga, an kuma nuna abin da ya biyo bayansa. A lokacin kowane gari a Nijar yana da irin waɗannan mazan jiya, kuma a 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, aka bar su shekaru da dama suna karɓar abin da bai kai na takwarorinsu Faransawa ba. An nuna Cabascabo a sashen masu sharhi na bikin Cannes a 1969, an kuma karrama shi a Mosko a wannan shekarar.

Daga nan sai ya juyo da kyamara cikin gida, kuma nan ne na fi ganin ƙarfin halinsa. Le Wazzou polygame labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido a kan Satu, yarinyar da aka riga aka yi wa Garba alkawarinta. Iyaye suka ga dukiya suka sauya magana. Matar Alhaji ta biyu, kishi ya rufe mata ido, ta yi niyyar kashe amarya a daren biki, ta kuskure ta kashe ƙawar amarya. Fim ɗin bai yaƙi addini ba, bai kuma ce auren mace fiye da ɗaya haramun ne ba. Abin da ya tona shi ne yadda mai kuɗi ke lulluɓa son zuciyarsa da rawani, da yadda iyaye ke sayar da alkawari. A 1972, a karo na uku na bikin FESPACO na Wagadugu, wanda aka fara a 1969, aka ƙirƙiro kyautar Etalon de Yennenga, kuma wannan fim ne ya fara ɗaukar ta. Najeriya duk da yawan finafinanta sai a 2007 ta samu, da fim ɗin Ezra na Newton Aduaka.

Saïtane, wanda ya biyo baya, ya taɓa wurin da ya fi zafi: malamin tsibbu da ke zama ɗan aike tsakanin matar aure da wani attajiri. Fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé na 1980, daga tatsuniya ya ɗauko shi, kuma a kan nauyin magana ya gina shi, wato mutum ya cika abin da ya furta ko da ransa zai tafi.

Ba za a yi maganar waɗannan finafinai a bar Zalika Sule ba. Ta fito a Cabascabo, ita ce kuma kishiyar da ta yi kisa a Wazzou. A zamanin da fitowar mace a majigi abin kunya ne, ta karɓi matsayin karuwa da na muguwar kishiya, mutane suka kasa raba wasa da gaskiya, ta sha zagi a gari. Da masana'antar fim ta Nijar ta durƙushe ta shiga talauci, har ta je ƙasar waje aikatau. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi. Ta rasu a 2021. 'Yan matan Kannywood da ke kukan ana yi musu kallon banza za su gane wannan labari tun kafin a ƙarasa shi.

To me ya sa mutumin da aka tafa wa a Cannes da Mosko da Wagadugu finafinansa suka yi wuyar gani a garinsu? Amsar tana cikin yadda ake shirya fim a lokacin. Darakta irin Umaru shi ne mai neman kuɗi, shi ne mai tara 'yan wasa daga abokai da maƙwabta, shi ne mai aron kayan aiki. Ana ɗauka a kan zaren fim mai faɗin milimita 16, kuma babu wurin wanke shi a Nijar, sai an aika Faransa. Darakta ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan makonni. Kuɗin ƙarasa aiki sau da yawa daga ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa yake fitowa, ita kuma tana sayen haƙƙin nuna fim ɗin a cibiyoyin al'adu da makarantu, inda ba a sayen tikiti. Gidajen silima na kasuwa kuwa, a yawancin ƙasashen Afirka rainon Faransa, suna hannun kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, waɗanda suka fi samun riba da tsofaffin finafinan kaboyi da na Indiya. Fim ya ci kyauta a waje, a gida ba shi da rumfa a kasuwa. Wannan ne ya sa daraktoci irin Mustafa Alasan, da Jingare Maiga, da Inusa Useini, da shi Umaru, duk da sun sa Nijar a sahun gaba na silimar Afirka a shekarun 1960 da 1970, ba su bar masana'anta mai ciyar da kanta ba. Abin da ya gagare su shi ne kaset ɗin bidiyo ya kawo wa Kano daga 1990, lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya fito: hanyar kai fim hannun mai kallo kai tsaye ba tare da neman izinin kowa ba.

Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 sakamakon ciwon zuciya, yana da kimanin shekara 45, Allah ya jiƙansa. FESPACO ta sa sunansa a kyautar da take ba darakta a kan dogon fim ɗinsa na farko. Nijar kuwa har zuwa bikin 2025 ba ta sake ɗaukar Etalon de Yennenga ba.

A Kano akwai ƙwararrun da ke juya fim ɗin Indiya na awa uku zuwa Hausa cikin 'yan kwanaki, har da karin magana da barkwanci. Cabascabo minti 45 ne, Wazzou ma bai kai awa ɗaya ba. Idan hukumar silima ta Nijar da masu riƙe da haƙƙin finafinan suka ba da izini da kwafi mai kyau, aikin fassara su daga Zabarmanci zuwa Hausa ba zai gagari masu wannan sana'a ba, kuma tashoshin talabijin na Yamai da Kano suna da masu kallon da za su zauna musu.