Tommy Cooper, Mai Jar Dara

A cikin ma'abota barkwanci na Birtaniya, da wuya a sami wanda sha'aninsa ya kai na Tommy Cooper ban al'ajabi, mutumin da aka haifa a yankin Wales a 1921, wanda ya samo jar dararsa a Alƙahira zamanin yana soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Hikimarsa ita ce ya jera kwalba da tambulan zai yi dabo, sai dabon ya wargaje a hannunsa, ya tsaya yana zare ido, alhali kuwa gwani ne na haƙiƙa, da gangan yake kuskurewa. Ajali ya riske shi a 1984 yana tsakiyar wasa a Landan, ana nunawa a talabijin, jama'a na ta dariya domin sun zaci faɗuwar ma raha ce.