«Ceto» da «tsira»: nazarin wata tsohuwar tambayar Kirista ta fuskar nahawun Hausa

1. Gabatarwa

Shin bangaskiyar Kirista ita kaɗai ce hanyar ceto? Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan malaman Kirista su da kansu, tun kafin ta shiga tsakaninsu da mabiya sauran addinai. Yanke hukunci a kanta aikin malaman tauhidi ne, mu kuwa harshe muke nazari. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, duk wanda ya zauna zai juya tambayar daga Faransanci zuwa Hausa, zai tarar da tambayoyi biyu ko uku ne aka ƙulle wuri guda. Faransanci ya wadatu da kalma ɗaya, «salut», kamar yadda Latin ya wadatu da «salus». Hausa kuwa sai ta tilasta wa mai fassara ya zaɓa tsakanin «ceto» da «tsira», sannan ya bayyana abin da kalmar «sai» ta keɓe. A cikin wannan maƙala za mu nuna cewa babban ɓangare na gardamar da aka yi tun daga ƙarni na 3 yana kan wannan zaɓi ne.

Maganar ta shafe mu a nan kusa. Tun da ƴan mishan na SIM suka zauna a Damagaram da Tsibirin Gobir a shekarun 1920, akwai gidajen da ɗa Kirista ne, uba Musulmi, kaka kuma ya rasu yana kan addinin gargajiya. A irin wannan gida, kalmar da mai wa'azi ya zaɓa ranar jana'iza tana da nauyi ƙwarai.

2. Aikatau biyu

Mu dubi waɗannan jimloli:

(1) Masunci ya ceci yaron.
(2) Yaron ya tsira.

Aikatau «ceta» so-karɓau ne, yana cikin aji na 2 a tsarin da Parsons ya shimfiɗa a 1960 (ya ceta, ya ceci yaro, ya cece shi). Ba ya tsayawa sai da mahalarta biyu: mai ceto da wanda aka ceta. Ko an mayar da shi aji na 7 an ce «yaron ya cetu», mai sauraro ya san akwai wani hannu da ya yi aikin. «Tsira» kuwa ƙi-karɓau ne, mahalarci ɗaya yake buƙata. Jimla ta (2) ta faɗi ƙarshen al'amari, ta yi shiru game da sanadi: ko iyo yaron ya iya, ko reshe ya kama, ko wani ne ya jawo shi. In ana son a shigo da mai aikin, sai an koma aji na 5, a ce «ya tsirar da shi».

Saboda haka «ceto» yana duban wanda ya yi aikin, «tsira» yana duban wanda abin ya sama. Tambayar «wa ke ceto?» daban take da tambayar «wa zai tsira?», amma in an mayar da su Faransanci dukansu a ƙarƙashin «la question du salut» suke fakewa.

Akwai kuma wani nauyi da kalmar «ceto» ta ɗauko tun kafin zuwan mishan. A bakin Musulmi Bahaushe, ceto shi ne shafa'a, wato roƙon da Annabi Muhammadu zai yi wa al'umma ranar alƙiyama, shi ya sa ake yi masa laƙabi da «mai ceto». Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan aikin shekaru da Walter Miller da abokansa suka yi, kuma Kiristoci Hausawa da wannan laƙabin suke kiran Yesu Almasihu. Sakamakon haka mutum biyu na iya furta kalma ɗaya a kasuwar Maraɗi, ɗaya yana nufin mai roƙo a gaban Alƙali, ɗaya yana nufin wanda ya biya fansa da ransa. Haka «bangaskiya» (daga «ba da gaskiya») ta zama ta Kirista, «imani» ta zauna wajen Musulmi, alhali a ƙamus ma'anarsu kusan ɗaya ce. Barbara Cooper ta yi dogon bayani kan wannan rabon kalmomi a littafinta na 2006 game da Kiristocin yankin Maraɗi.

3. Inda «sai» take faɗawa

Ƙirar «babu … sai …» sananniya ce ga kowane mai jin Hausa, ko don kalmar shahada ma. Ana kore komi da farko, sannan a keɓe abu guda. Abin lura a nan shi ne gurbin da aka keɓe:

(3) Babu ceto sai ta wurin Almasihu.
(4) Babu mai tsira sai wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu.
(5) Babu mai tsira sai ɗan ikilisiya.

A (3) hanya aka keɓe, ko mai aikin. A (4) an keɓe mutanen da suke da wani sani da wata shaida a zuci. A (5) an keɓe ƴan wata ƙungiya da ake shiga ta baftisma. Mai sauraro da ke gaggawa zai ɗauka magana ɗaya ce aka maimaita sau uku, amma (3) ba ta haifar da (4) ta hanyar nahawu ko manɗiƙi. Misali: in muka ce babu ruwa a wannan gari sai na rijiyar sarki, ba mu ce babu mai sha sai wanda ya san rijiyar ba. Baƙon da ya sayi ruwa wajen ga-ruwa ruwan rijiyar ya sha, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Wanda yake son ya tashi daga (3) ya isa (4) dole ya kawo wata hujja ta daban.

Masu wannan ra'ayi suna da hujjar tasu, kuma ba ƙarama ba ce. Suna kafa ta da Romawa 10, inda Bulus ya ɗaure kira da ba da gaskiya, ba da gaskiya da ji, ji kuma da mai wa'azi, da Yahaya 3:18 da Markus 16:16. Waɗanda suka tsaya a (3) su kuma suna nuna 1 Timoti 2:4, mai cewa nufin Allah ya game dukan mutane, da Romawa 2:14-15 a kan al'ummai marasa Shari'a da lamirinsu, da Matiyu 25, inda waɗanda aka karɓa ba su ma san wanda suka ciyar ba. Ayoyi biyun da aka fi ambata a wannan gardama, Yahaya 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12, in an dubi gininsu, ƙirar (3) suke da ita. Ta biyun ma tana da wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe: Bitrus yana amsa tambaya ne a kan gurgun da ya warke, kuma aikatau na Girkanci «sozo» da aka yi amfani da shi a aya ta 9 don warkewa shi ne ya dawo a aya ta 12 don ceto. Hausa ba ta da kalma guda mai ɗaukar duka biyun, don haka wannan wasan kalma yakan ɓace a fassara.

4. Jimla ɗaya, ƙarni goma sha bakwai

Tarihin jimla ta (5) a cocin Katolika darasi ne mai kyau na ilimin ma'ana, don kalmomin ba su canza ba, abin da suke nuni gare shi ne ya yi ta motsi. Karin maganar Latin «extra ecclesiam nulla salus», wato babu «salus» a wajen ikilisiya, ana danganta asalinta ga Sipiriyen (Cyprien), bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, wanda aka kashe a 258. A wasiƙar da ya rubuta a 256, gardamarsa a kan baftismar da ƴan ɓaraka suka yi ce, ko ta inganta ko sai an sake. Waɗanda yake nufi da «waje» Kiristoci ne da suka fita da ƙafarsu. Mutanen da ba su taɓa jin bishara ba ba su cikin maganar. Wajen ƙarni guda kafin shi ma, Justin Shahidi ya riga ya lissafa Sokrates cikin waɗanda suka rayu bisa Kalmar Allah ba tare da sun san sunanta ba.

Bayan daular Roma ta zama ta Kirista, sai aka ɗauka bishara ta kai ko'ina, wanda bai shiga ba ƙi ya yi. Daga nan «waje» ta faɗaɗa. Majalisar Lateran ta 4 ta nanata jimlar a 1215, Fafaroma Boniface na 8 ya ƙara mata sharaɗin biyayya ga Fafaroma a 1302, sannan Majalisar Fulorans, a takardar sulhu da Kibɗawan Masar ta 1442, ta jera waɗanda ke waje da sunansu: arna, Yahudawa, ƴan bidi'a da ƴan ɓaraka. Shekara 50 bayan haka jiragen Kolombus suka isa Amurka, aka ga al'ummai masu ɗimbin yawa da ba wanda ya taɓa yi musu wa'azi. Zaton da aka gina tsattsauran karatun a kansa ya rushe. Malamai suka shiga neman mafita, har Fafaroma Pie na 9 ya rubuta a 1863 cewa wanda bai san addinin ba, rashin sanin da ba laifinsa ba, in ya kiyaye dokar da ke rubuce a zuciyarsa, yana iya samun rai madawwami da alherin Allah.

Abin da ya faru a Boston ya fi komi bayyana wannan motsi. Wani fada ɗan ƙungiyar Jezuwit, Leonard Feeney, ya dage a kan cewa (5) tana nufin abin da haruffanta suka ce, ba ragi. A watan Agusta 1949 ofishin Roma mai kula da aƙida ya rubuta wa babban bishop na Boston cewa mutum na iya haɗuwa da ikilisiya ta wurin marmari, ko da marmarin a ɓoye yake, shi kansa bai san sunan abin da yake nema ba. Feeney ya ƙi amsa kiran Roma, aka fitar da shi daga coci a 1953 saboda rashin biyayya. Mutumin da ya fi kowa kare maganar babu ceto a waje, shi ne ya wayi gari a wajen, sai a 1972 aka mayar da shi.

Majalisar Vatikan ta 2 ta kammala juyin. Sakin layi na 16 na takardar Lumen Gentium (1964) ya ambaci Yahudawa, ya ambaci Musulmi da sunansu a cikin shirin ceto, ya kuma ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, yana iya tsira. Wasu sun ɗauka cocin ta saki komi ke nan. Takardar Dominus Iesus ta 2000 ta zo ta ja layi: an sassauta (4) da (5), amma (3) tana nan daram. A fahimtarmu, mai fassara waɗannan takardu zuwa Hausa zai fi kusa da nufinsu in ya sa «tsira» inda ake maganar mutane, ya ajiye «ceto» inda ake maganar Almasihu.

5. Rabon gida uku da iyakarsa

Tun daga littafin Alan Race na 1983 aka saba raba ra'ayoyin gida uku: «exclusivisme», «inclusivisme» da «pluralisme». Muna iya kiransu ra'ayin keɓewa, ra'ayin gamewa da ra'ayin hanyoyi da yawa. Da ma'aunin jimlolinmu rabon ya fi fitowa sarai. Mai keɓewa yana riƙe da (3) da (4), kamar Yarjejeniyar Lozan ta 1974 da Furotestan masu bishara suka sa wa hannu. Mai gamewa yana riƙe da (3) kaɗai. Karl Rahner ne ya fi shahara a nan da kalmarsa ta «chrétien anonyme», Kiristan da bai san kansa ba, kalmar da ta sha suka daga ɓangarori biyu: masu wa'azi sun ce ta kashe dalilin wa'azi, waɗanda aka laƙaba wa sunan kuma sun ce ba su roƙa ba. John Hick kuwa, daga 1973, ya saki (3) ita kanta, ya ce a ɗauke Almasihu daga tsakiya a sa Allah, kamar yadda Kopernik ya ɗauke duniya ya sa rana. A ganinmu tazarar da ke tsakanin Hick da sauran biyun ta fi wadda ke tsakanin su biyun girma nesa, jera su uku a layi ɗaya kuwa yana rufe wannan.

Akwai kuma masu ra'ayin da rabon bai ba su gurbi ba. A taron mishan na Majalisar Coci-coci ta Duniya da aka yi a San Antoniyo ta Amurka a 1989, mahalarta sun amince da cewa ba su da wata hanya da za su nuna in ba Almasihu ba, kuma ba su da ikon sa wa ikon Allah iyaka, suka ƙara da cewa ba za su yi ƙoƙarin warware wannan ja-in-ja ba. A Faransanci kalmomin tushe ɗaya ne, «salut» da «sauver», ke riƙe da sassan biyu. A Hausa, sashen farko «ceto» yake nema ba gardama. Na biyu shi ne mai wuya. In an ce «ikon Allah na ceto», mai sauraro Musulmi zai tambaya a gaban wa Allah zai yi ceto, tun da shi ne Alƙalin. In an ce «ikon Allah na tsirar da bayinsa», an kauce wa wannan, amma an tsinke zaren da ya ɗaure sassan biyu da kalma guda. Mu dai mun fi karkata ga ta biyun a takardar da Kirista da Musulmi za su karanta tare, ta farkon kuma a bar ta ga littafin da za a karanta a cikin majami'a.